Oba-oba da bindiga ko jarkar ruwa: da me magidanci zai fara shirin ko-ta-kwana?

Tambayar ta zo ne daga wani magidanci a Haɗejiya. Ya ce tun ambaliyar da ta ci Maiduguri hankalinsa bai kwanta ba, ga shi kuma garinsu a bakin kogi yake. Yana da mata da yara, iyayensa kuma suna wani ƙauye mai nisan kusan kilomita 40. Ya ɗan tara kuɗi, sai wani abokinsa ya ba shi shawara ya sayi rediyon oba-oba guda biyu, irin waɗanda aka rubuta kilomita 50 a jikin kwalinsu, ya kai wa tsofaffi ɗaya don ranar da sabis zai ɗauke, ragowar kuɗin kuma ya nemi bindiga ya ajiye. Yana so ya ji ko shawarar ta yi.

Malam, sannu da wannan tunani, Allah ya tsare mana zuri'a. Haɗa na'urorin sadarwa da gyaransu shi ne sana'ata, rediyo kuma shi ne abin da nake ɓata dare a kansa don sha'awa, saboda haka ba ƙaramin abu ba ne in ce wa mutum kada ya sayi rediyo. Amma a yadda abokinka ya tsara maka, kuɗinka za su tafi ne a banza, wataƙila ma su jawo maka abin da ba ka nema ba.

Mu fara da kilomita 50 ɗin nan na jikin kwali. Oba-oba na hannu, irin Baofeng da suka cika kasuwa, suna aiki ne a zango biyu: daga 136 zuwa 174 MHz (ma'aunin zangon rediyo ke nan), sai kuma daga 400 MHz zuwa sama. Igiyoyin waɗannan zango miƙe suke tafiya kamar hasken tocila, abin da ya tare gabansu ya rage musu ƙarfi ko ya tsayar da su: gini, tudu, kurmin itatuwa, har da lanƙwasar doron ƙasa ita kanta. Akwai lissafin da muke yi a tsaye. Ka ɗauki tsayin eriya daga ƙasa a mita, ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsayin, ka ninka ta da 4 da ɗan ɗoriya, abin da ya fito shi ne nisan da eriyar ke hangowa a kilomita. Mutum a tsaye, rediyo a bakinsa, eriyarsa tana wajen mita ɗaya da rabi, ke nan kilomita 5. Na ɗaya ɓangaren shi ma 5. Jimla 10, wannan kuwa a fili fetal ne, ba gida ba bishiya. A cikin gari, tsakanin katangu da rufin kwano, in ka sami kilomita 2 ko 3 ka gode Allah. Masu kwalin ba lallai ƙarya tsagwaronta suka yi ba, domin in ka hau kan dutse mai tsawo, abokin maganarka ma yana kan wani dutsen, babu komai a tsakani, za ku ji juna a nisan da ya fi haka. To ina dutsen a Haɗejiya?

Mai shago zai ce maka ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai watt 8 ko 10 maimakon mai watt 5. Kada ka biye masa. Yawancin lambobin nan ba su kai abin da aka rubuta ba, ko sun kai ma bambancin kaɗan ne: sai ka ninka ƙarfin na'ura sau huɗu kafin allurar da ke nuna ƙarfin sigina a rediyon mai sauraro ta motsa da mataki ɗaya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ninka tsayin eriya sau biyu kawai yana ba ka kusan wannan ribar, ba tare da ka ƙara cin batir ba. Shi ya sa za ka ga duk mai rediyon da ya san abin da yake yi, hankalinsa yana kan gora da bututun ƙarfe da wayar eriya fiye da na'urar kanta. In aka kafa eriya mai kyau a tsayin mita 10 zuwa 12 a gidanka, aka kafa irinta a ƙauye, aka sa rediyo irin na mota mai watt 25 ko 50 a kowane ɓangare, kilomita 40 a ƙasa irin ta Jigawa abu ne mai yiwuwa. Na ce mai yiwuwa, don sai an gwada a wurin ake sani. Amma ka ga maganar ta tashi daga rediyo biyu na aljihu ta koma tasha biyu, kowacce da batirinta da solarta da wanda zai kula da ita.

Akwai wata hanyar kuma, ita ce ta fi burge ni. Gajeren zango, wanda iyayenmu suke kama BBC Hausa da Rediyon Kaduna a kansa, ba ya buƙatar hango juna. Igiyarsa tana hawa sama ta tarar da wani sashe na iska da rana ta caje, can sama da kilomita 200, ya lanƙwaso ta ta dawo ƙasa. In kana son nesa sosai, sai ka ɗaga eriya ka harba igiyar a kwance. In kuma kusa kake so, sai ka yi akasin haka: ka shimfiɗa waya mai tsawon mita 20, ka raba ta biyu a tsakiya, ka ɗaure ta ƙasa-ƙasa, mita 3 zuwa 6, ko tsakanin darbejiya biyu ne. Igiyar za ta tafi sama kusan a miƙe ta sauko a kewayenka, ta rufe 'yan ɗaruruwan kilomita ta kowace fuska. Da rana a kan 7 MHz, da dare a sauko 3.5 MHz, sai dai wannan zangon yana son waya mai tsawon wajen mita 40. Da wannan, mutum a Haɗejiya zai yi magana da Kano da Dutse da Nguru da Damagaram a zama ɗaya, ba ƙarfen sabis ba intanet. Sojoji da ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna aiki da wannan dabara. Illarta, na'urar tana da tsada, mai watt 100 tana jan wajen amfiya 20 daga batir mai bolt 12 lokacin magana, ga ƙarar da inbata da cajojin waya masu araha da ƙwayayen lantarki marasa kyau suke zubawa a zangon, ta yadda a wasu unguwanni ba ka jin komai sai shuuu. Da damina kuma tsawa tana cika 3.5 MHz da ƙara, alhali daminar ce lokacin da ka fi buƙatarsa.

Duk wannan ma ba shi ne babban cikas ba. Rediyo ba ya aiki da mutum ɗaya. Wa zai riƙe na ƙauyen? Baba ne zai riƙa tuna cajin batir, ya bar shi a kunne a tashar da aka yi alkawari, ya san cewa sai ya danna ya ɗan jira kafin ya yi magana, ya kuma saki kafin ya ji amsa? Abin da na saba gani shi ne, sati biyu na farko ana ta gaisawa, daga nan jika ya murɗa maɓalli ya canza tasha, caja ta ƙone, a ɗaga rediyon a sa a bayan kwalla. Ranar da ruwa ya zo, batir ya kumbura.

Sai doka. Sauraro kowa ma yana yi, amma aikawa a iska sai da lasisi, dokar da ta tanadi haka tana nan tun 1961. Waɗannan ƙananan oba-oba kuwa a buɗe suke zuwa, suna iya aikawa a tashoshin da aka ware wa jami'an tsaro da jiragen ruwa da kamfanoni, tashoshin da masana'anta ta zuba a ciki don gwaji kuma ba naka ba ne. Mutum sai ya shiga hurumin wasu bai ma sani ba. Kuma ka san halin da ake ciki a Arewa. Duk sanda jami'an tsaro suka baje kayan da suka ƙwato a daji, oba-oba na cikin abin da ake yawan gani. Ka yi tunanin kanka a shingen bincike da magariba, an buɗe jakarka an ga rediyo biyu, ba takarda. Kafin ka gama bayanin cewa na tsohonka ne, an riga an yi maka kallon infoma. A watan Satumba na 2021 da gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara, daga baya aka ƙara da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane sun sha wuya ƙwarai, har suna tafiya wasu garuruwa don kawai su buga waya. Amma wanda ya fito da oba-oba ba izini a wannan lokacin, ya fi kowa shiga haɗari, tunda an rufe ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Ka kuma sani babu sirri a wannan harka. Abin da suke kira lambar sirri a jikin na'urar yana hana ka jin wasu ne kawai, ba ya hana wasu jin ka. Duk wanda ke da irin rediyon zai ji lokacin da ka ce kun bar gida ba kowa.

In har zuciyarka tana son rediyo don kansa, ƙofa a buɗe take, kuma ina yi maka maraba. Akwai ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Najeriya, NARS, wadda take cikin ƙungiyar duniya ta IARU, lasisin kuma daga Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya yake fitowa. Za a ba ka lambar kira da ta fara da 5N, ta Nijar 5U ce, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Za a ware maka zangunan da za ka yi aiki, kamar 144 zuwa 146 MHz da 7.0 zuwa 7.2 MHz, da sharaɗin ba kasuwanci, ba ɓoye magana. A yankinmu na Afirka da Turai an ma amince da wasu wurare da ake taruwa in bala'i ya auku, irin su 3.760 da 7.110 da 14.300 MHz. Tun 2019 kuma akwai tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar da muke kira QO-100, yana tsaye wuri guda a sama, yana rufe Afirka gaba ɗaya, da faranti irin na kallon talabijin da ƙaramar na'ura ake hawa kansa. Amfanin masu wannan sha'awa a lokacin masifa ba tatsuniya ba ce. A watan Satumba na 2017 guguwar Maria ta kashe kusan kashi 95 cikin 100 na ƙarafan sabis a tsibirin Fuwato Riko, masu rediyo ne suka riƙa isar da saƙonnin asibitoci da na Red Cross. Sai dai waɗannan mutane ne da suka shekara suna yi, suna da lokacin haɗuwa a iska kowane mako, sun san muryar juna. Mu a nan 'yan tsiraru ne ƙwarai. Ka shigo don ilimi da nishaɗi, amfanin gaggawa zai biyo baya in mun yi yawa. Kada dai ka ɗora ran iyayenka a kansa a daminar bana.

To me za ka yi game da sadarwa? Ka fara sanin abin da ke kashe sabis. Ƙarfen sabis yana rayuwa ne da janareta da batura, yana kuma haɗe da sauran ta wayar ƙarƙashin ƙasa ko ta faranti. In ruwa ya shiga ɗakin injin, ko motar dizal ta kasa isowa, ko zaizaya ta tsinke wayar, shi ke nan. Kafin ma ya mutu, cunkoso ke fara kama shi, kowa na neman kowa. A irin wannan hali saƙon tes yana kutsawa inda kira ya kasa, don shi ɗan mitsitsi ne kuma yana jira a layi har ya sami hanya. Ka koya wa kowa a gidan haka, a ƙauye ma ka nemi yaro mai karatu da zai riƙa duba wa tsofaffi. Ka ajiye ƙaramar waya mai maɓalli, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki, da layin wani kamfani daban. Layi biyu yana taimakawa amma ba tabbas ba ne, domin sau da yawa kamfanoni biyu ko uku a kan ƙarfe ɗaya suke haya. Fawabank na gaskiya mai 20,000 zai cika babbar waya kamar sau uku, ƙaramin faifan sola mai watt 20 kuma zai riƙe muku wayoyi da fitila. Waɗanda suka ga duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa a watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace aka yi sama da mako ba lantarki, sun san yadda layin masu cajin waya ya koma.

Rediyon da nake so ka fara saya shi ne na sauraro, ɗan ƙarami mai cin batir biyu, mai kama FM da matsakaicin zango da gajere. Ba ruwansa da lasisi, ba wanda zai tsare ka a hanya dominsa, ta nan kuma za ka ji sanarwar hukumar ba da agajin gaggawa da hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet da labarin ruwan da ke tahowa. Ku a Haɗejiya kuna da wata sa'a da mutanen Mokwa ba su samu ba a watan Mayu na 2025, inda ruwa ya afka musu da asuba ya kashe fiye da mutum 150. Naku ruwan yawanci ba ya zuwa a sace. Daga sama yake gangarowa, ta wajen madatsun Tiga da Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim, ya zo ya tarar kacalla ta toshe hanyoyinsa sai ya bazu. Wanda ke da amini a Ringim da wani a Auyo, yana kiransu a watan Agusta da Satumba yana tambayar inda ruwa ya kai, ya fi mai oba-oba goma samun labari da wuri.

Sannan ku zauna da iyali ku yanke magana uku tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. In an rabu, a ina za a haɗu, wuri ɗaya a unguwa mai tudu, wani kuma a wajen gari. Wane ɗan'uwa ne a nesa, a ce a Kano, wanda kowa zai aika wa saƙo cewa yana lafiya, shi kuma ya riƙa haɗa labarin. Sai kuma alamar da in an gan ta za a tashi ba sai an sake shawara ba, misali ruwa ya taɓa wuri kaza a jikin jinga ko gada. Wannan na ukun ya fi wuya, musamman ga tsofaffi, don dattijo ba ya son barin gidansa da dabbobinsa. Kada ka jira ranar. Ka je da kanka tun kafin damina ta nutsa, ka nemi mai unguwa ko liman ya sa baki, ku yi yarjejeniya cewa in ruwa ya kai wurin nan za su taho wajenka ko wajen wani ɗa a tudu. Ka sami ɗan acaɓa amintacce a ƙauyen, ka riƙa kyautata masa, shi ne zai zama manzonka ranar da waya ta mutu. Lambobin waya kuma a rubuta su a takarda, don yau mutum ko lambar matarsa bai haddace ba.

Ruwan sha ne zai fi cin tunaninka, ko da yake abin mamaki ne a yi maganar ƙishirwa ana tsakiyar ambaliya. Ruwan da ya shiga gari ya bi ta masai da kwata da makabarta, ya faɗa rijiyoyi. Abin da ke biyo bayan ambaliya shi ne amai da gudawa, kuma yara yake fara kwasa. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da tsafta, na sha zalla kuma kamar lita 3. Gida mai mutum takwas, jarka ɗaya mai lita 25 ruwan shan kwana ɗaya ce kacal. Ka tanadi jarkoki masu murfi, waɗanda ba a taɓa zuba mai a ciki ba, ka ɗora su a wuri mai tsayi, ka riƙa juya ruwan. Ka sayi maganin tsarkake ruwa irin WaterGuard ko Aquatabs, a bi ƙa'idar da ke jiki, a jira minti 30 kafin a sha. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ruwan ya yi garau a ido amma ƙwayoyin cuta suna nan, sai an tafasa ko an sa maganin bayansa. Ka ajiye fakitin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, da yawa. In sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Uwargida ta haddace wannan.

Abinci ba sai na koya wa Bahaushe ba: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, garin kunu, abin da ba ya neman wuta mai yawa. Takardun gida da na gona da na makaranta da katin asibiti a sa a leda biyu, a ɗauki hotonsu a aika wa ɗan'uwan nan na Kano. Kuɗi a hannu, ƙananan takardu, wanda ya ga farkon 2023 ya san ranar da kuɗi ke banki amma ba ka da na sayen biredi, kuma in sabis ya ɗauke mai POS ma ya tashi daga aiki. In Baba ko Inna suna shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, kada ya taɓa yin ƙasa da na sati biyu a gida.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa, jikinka. Hotunan Maiduguri na ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, ka duba su da kyau. Mutanen Gwange da kewayen Kasuwar Monday da ƙafa suka fita, ruwa iya ƙirji, yaro a wuya, tsohuwa a baya. Mota ba ta yi amfani ba. Ka gwada kanka gobe da asuba: ka cika jarka mai lita 20, kilo 20 ke nan, ka ɗauke ta ka zagaya layinku. Ka yi tafiyar kilomita 5 cikin awa ɗaya. In ka dawo kana haki kana dafa gwiwa, ka san inda shirinka yake da rami. Yawancinmu da muka wuce arba'in, daga kan babur sai benci sai tabarma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfi, wato tafiyar rabin awa da sauri bayan sallar asuba sau biyar, sai ɗaukar kaya da tsugunno da miƙewa. Ka je a auna jininka kafin ka fara. Ranar da aka yi shelar fita aikin jinga, cika buhunan yashi da jera su, ka fita, motsa jiki ne kuma a nan za ka san mutanen da za su fito maka in ta ɓaci.

Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu da kaɗan, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da mota. In dole sai an ratsa, a riƙe sanda ana dubawa gaba, a sa takalmi mai ɗauri, don silifas a takun farko yake tafiya ya bar ka da ƙusa da kwalba. Macizai ma gudun ruwa suke yi su hau inda mutane suka hau. In kwale-kwale za a shiga, wanda aka cika fiye da kima ya fi ruwan kansa kisa, kuma da kuɗin oba-oba biyun nan za ka sami rigunan hana nutsewa na yara.

Na bar bindiga a baya don ita ce ta fi ƙarancin amsa damuwarka. Abin da ka ce yana hana ka barci ruwa ne, bindiga kuwa ba ta tare ruwa. Ta fuskar doka, dokar makamai ta 1959 ta kasa su uku: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta irin mai baki ɗaya ko biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka ma sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 'yan shekarun nan rundunar ta sha faɗin cewa ta dakatar da ba da sabon lasisi. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ke nan abin da abokinka yake nufi da ka nema, kasuwar bayan fage ce, kuma wanda aka kama da haramtaccen makami yana fuskantar ɗaurin da ba ya kasa shekara goma. Wanda ya sayar maka ma ya san gidanka, ya san abin da ke ciki, kuma ba kai kaɗai ne abokin cinikinsa ba.

Ajiye dokar gefe ka dubi gidan. Yara suna gano duk inda aka ɓoye abu. Mutumin da bai taɓa samun horo ba, ya farka a firgice cikin duhu, ya ji motsi a zaure, wanda ya fi yiwuwa ya harba ɗan maƙwabci ne da ya zo neman mafaka ko ƙaninsa da ya dawo da dare. Kuma ranar da aka kwashe ku zuwa makarantar firamare aka jera tabarmi, jami'ai na rubuta sunaye, ina za ka sa ta? Ban raina halin da 'yan'uwanmu na Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato suke ciki ba, inda mutum ke kwana bai san ko za a wayi gari da shi ba. Tasu tambayar daban ce, kuma ko can abin da aka koma yi shi ne rundunonin tsaron al'umma da jihohi suka kafa suka yi wa rajista, irin ta Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024. In tsaron gida ne ya dame ka, ƙofa mai ƙarfi da sakata ta ciki, fitilar sola a waje, usur a ɗakin kowa, da shiga tsarin sintirin unguwa wanda DPO ya san da shi.

In ka gama waɗannan kuɗi suka yi saura, kuma ka bi hanya ka sami lasisi, to ka sayi rediyon, amma ka fara da kusa: kai da mutum uku ko huɗu a unguwanni daban-daban na cikin gari, ɗaya a kusa da jinga, ku sa lokaci guda kowane mako ku kira juna ko da minti biyar ne. Wanda ke da bene a cikinku shi zai ɗauki eriya mai tsawo. Lokacin kafa ta ku nisanci wayar lantarki da fiye da tsawon sandar, ko da an ɗauke wuta, kuma da zarar hadari ya haɗu a cire wayar eriya daga jikin na'ura a jefa ta waje ta taga. Sai kun yi wata biyu ko uku kuna jin juna ba fashi, sannan a ɗauki rediyon mota da gora a tafi ƙauye a gwada kilomita 40 ɗin.